Kafin Ka Sayar Da Ragonka Ka Sayi Makirfo

Akwai wata magana da ta kama bakin matasan mawaƙanmu daga Damagaram har Maraɗi, daga Tawa har Yamai, kuma na tabbata haka take a Kano da Garwa da zangon Kumasi: "Sai na haɗa kaya." Ka tambayi yaro me ya hana shi fara bitar waƙoƙin da ya cika littafi da su, sai ya ce maka kaya ne bai haɗa ba tukuna. Kayan nan kuwa kowa ya san su. Makirfo ne mai ƙafa, wanda ake ratayawa cikin wani zobe kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan akwatin nan mai fitilu ja da shuɗi da ake kira V8, da ƙaton abin kunne mai rufe kunnuwa biyu ruf, in hali ya yi a ƙara da kwamfuta. Abin da nake so in faɗa, kuma na san wasu za su ji haushina, shi ne wannan kaya, a yadda ake sayensa da yadda ake aiki da shi, yana cikin manyan abubuwan da ke hana yaranmu iya waƙa. Masu sayar da shi da masu situdiyon da ke zuga yara su saya sun san haka, in kuwa ba su sani ba to laifinsu ya zama biyu.

A fara da tambayar da ba a yi wa yaro a shago. Me ya sa mai koyon waƙa yake bukatar ya naɗi muryarsa tun farko? Dalilin guda ɗaya ne. Duk ɗan Adam bai taɓa jin muryarsa yadda jama'a ke jin ta ba. Idan kana magana ko kana rera waƙa, sautin yana zuwa kunnenka ta hanya biyu: ta iska, kamar yadda yake zuwa wa kowa, da kuma ta ƙasusuwan kanka da muƙamuƙinka. Wannan hanya ta biyu tana ƙara wa murya kauri da cika, shi ya sa kowa a cikin kansa zabiya ne. Ranar da mutum ya fara jin muryarsa a rikoda sai ya yamutsa fuska ya ce na'urar ce ba ta da kyau. Na'urar lafiyarta ƙalau. Abin da ya ji shi ne abin da matarsa da maƙwabtansa suka daɗe suna ji suna haƙuri. To wannan yamutsa fuskar ita ce darasin farko na mawaƙi, kuma duk amfanin naɗar murya a lokacin bita bai wuce a maimaita wannan darasin kullum ba, har kunne ya saba da gaskiya, maƙogwaro ya fara gyara kansa.

Yanzu a dubi abin da akwatin nan mai fitilu yake yi. An ƙera shi ne don masu fitowa kai tsaye a intanet suna hira da barkwanci, shi ya sa a jikinsa akwai maɓallin tafi, da maɓallin dariya, da na mayar da muryar namiji ta mace. Babban abin da yara ke so a jikinsa shi ne maɗaurin amsa-kuwwa. Da an murɗa shi sai murya ta yi faɗi kamar ana rerawa a cikin babban zaure, wutsiyar kowace kalma ta yi tsawo ta rufe farkon mai bi mata. A ƙarƙashin wannan wutsiya komai yana ɓuya: numfashin da ya ƙare kafin ɗango ya ƙare, rawar da murya ke yi don tsoro, gaɓar da aka haɗiye. Yaro ya sa abin kunne, ya ji kansa kamar a faifai, ya rera awa biyu yana lumshe ido, ya tashi bai ƙaru da komai ba sai son kansa. Haka manhajojin rera waƙa na waya irin su StarMaker da Smule suke, suna zuwa da nasu kwalliyar a shirye. Don nishaɗi ba ni da ja a kansu. Amma wanda ya ce da su yake koyo, ya yi kama da mai son rage ƙiba da ya sayi sikelin da aka riga aka murɗe.

Mafi muni shi ne Auto-Tune, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a kan Hausa ɓarnarsa ta fi yawa. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Andy Hildebrand, wanda a da aikinsa nazarin sautin da ake aikawa ƙarƙashin ƙasa ne don neman man fetur, shi ya ƙirƙiro shi, aka fitar da shi a 1997. Nufinsa a gyara ɗan kuskuren ƙwararren mawaƙi ba tare da kowa ya gane ba. A 1998 aka murɗa shi har ƙarshe a waƙar Cher mai suna "Believe", duniya ta ji wannan murya mai kama da ta ƙarfe, daga nan abin ya zama ado. Aikinsa shi ne ya saurari tsayin muryarka, ya ja ta da ƙarfi zuwa mataki mafi kusa a cikin matakan da aka saita masa, matakan nan kuwa na fiyano ne, goma sha biyu da aka raba daidai wa daida.

To wa ya ce waƙar Bahaushe a kan matakan fiyano take tafiya? Goge ba shi da ƙarafan tsayawa a wuyansa kamar jita. Gurmi ba shi da su, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ba shi da su. Yatsa ne ke zamewa a kan tsirkiya, murya na zamewa tare da shi, kuma daɗin yana cikin zamewar. Kalangu ma da ake matsewa a hammata don ya yi magana, sulalewa yake yi daga sama zuwa ƙasa, ba ya tsalle. Sannan ga babbar magana: Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Wuyan da ake rataya wa sarƙa da wuyar da ake sha, tashi da saukar murya ne kaɗai ya raba su. Garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi, tsawon wasali da karin sauti ne suka raba su. Mawaƙin Hausa na ƙwarai yana ɗora karin waƙarsa ne a kan karin maganar, ya lanƙwasa ɗaya don ɗaya ba tare da ya karya ko guda ba. Wannan aikin kunne ne, kuma ana shekaru ana koyonsa. Na'urar da ba ta san bambancin gari da gari ba, ita aka ba amanar muryar yaro tun ranar da ya fara. Shi ya sa yau za ka ji waƙa mai daɗin kiɗa a bakin 'yan kabu-kabu, ka saurara sau uku ba ka kama abin da ake faɗi ba. Ka sa kaset ɗin Shata ko na Ɗanƙwairo, wanda aka naɗa a filin wasa cikin hayaniya, aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset har ya gaji, amma kowace kalma tana tsaye da ƙafafunta.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai Mdou Moctar, wanda yau yake zagaya Turai da Amurka da jitarsa, da Auto-Tune ya fara. Gaskiya ne. Kundinsa na farko, "Anar", a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da salon situdiyon waƙoƙin finafinan Hausa, muryar duk ta sha na'ura, kuma ta katin waya da Bluetooth waƙoƙin suka ratsa Sahara har suka faɗa hannun kamfanin Sahel Sounds, wanda ya sa ɗaya daga ciki a kundin "Music from Saharan Cellphones" a 2011. Amma mai kawo wannan hujja ya manta da rabinta. Mutumin nan a wuraren biki ya gina kansa, a gaban jama'a, da janareto da ƙura, inda babu abin da zai ɓoye shi. Ya shiga situdiyo da iyawarsa a hannu, ya zaɓi ado don yana so. Ni ban yi faɗa da ado ba. Amarya ma ana yi mata lalle. Faɗana da wanda ya sa lallen a kan ƙurji ya ce ya warke. Kuma tunda an ambaci Sahel Sounds, a tuna cewa a 2020 sun yi shekara guda suna fitar da jerin waƙoƙin da mawaƙan yankinmu suka naɗa da wayar hannu kawai suka aika ta WhatsApp, mutane a ƙasashen waje suka sa kuɗi suka saya. Idan wayar hannu ta isa a sayar da waƙa a Jamus, ban ga yadda za ta kasa isar yaro bita a ɗakin uwarsa ba.

Wayar da ke aljihunka, ko Tecno ce ko Itel ko Infinix, ta fi rikodar kaset ɗin da iyayenmu suka yi aiki da ita a zamanin Samariya nesa ba kusa ba. Sai dai ita ma tana da halinta, kuma rashin sanin halin nan ne ke sa yara su raina ta. An gina waya ne don magana, saboda haka tana da dabarun da ke taimakon magana suna cutar waƙa. Akwai mai daidaita ƙara da kanta: ka yi ƙasa da murya ta ɗaga ka, ka ɗaga ta danne ka, sai ka saurara ka ji komai ya zama shimfiɗe, ka kasa sanin ko ka iya hawa da sauka. Akwai kuma mai share hayaniya, wadda wani lokaci takan ɗauki dogon jan murya a matsayin ƙugin inji ta yi ta gutsurarsa. Kuma saƙon murya na WhatsApp, wanda mafi yawan yara da shi suke naɗa don shi suka sani, ana matse shi ne ƙwarai don ya yi sauƙin aikawa. Maganin duk wannan bai kai kuɗin shayi ba. A nemi manhajar naɗar sauti wadda ke barin mutum ya kashe waɗannan dabaru, akwai su kyauta, a zaɓi tsarin WAV. Minti ɗaya na irin wannan fayil, in baki ɗaya aka naɗa, bai fi megabayit 5 da ɗan wani abu ba, ƙaramin katin waya zai ɗauki bitar watanni. In za a aika wa malami, a aika shi a matsayin takarda, wato fayil, don kada a matse shi a hanya. A sa wayar a yanayin jirgin sama kafin a fara, don babu abin takaici kamar ka kai tsakiyar baitin da ya fi ba ka wuya abokinka ya kira yana tambayar ko ka ga cajarsa.

Kada a riƙe wayar a hannu, kada kuma a manna ta a baki. A jingina ta a kan wani abu daidai tsayin fuska, a ja da baya kamar kamu ɗaya ko biyu, a tsaya a tsaye. A sa alama a ƙasa inda ƙafa take, ko da da gawayi ne, don gobe a tsaya a wurin. In yau ka naɗa a kusa gobe a nesa, ba za ka san ko muryarka ce ta canja ko tazarar ce ba. In da kiɗa ake bitar, a ari waya ta biyu ta buga kiɗan can gefe a hankali, ko kuma a sa abin kunne mai igiya a kunne ɗaya a bar ɗayan a buɗe. Na ce mai igiya da gangan. Na Bluetooth yana da jinkiri wanda yakan kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, abin da ya isa ya sa ka riƙa faɗawa bayan kiɗa kana zargin kanka, sannan da zarar an kunna ɗan makirfon da ke jikinsa sai ingancin sautin ya faɗi ya koma na kiran waya.

Ɗaki ya fi makirfo muhimmanci, kuma wannan ba za ka taɓa ji a bakin mai shago ba tunda ba ya sayar da ɗaki. Ɗakin siminti mai rufin kwano wanda babu komai a cikinsa shi ne mafi munin wuri, sauti yana dukan bango ya dawo ya cakuɗe da kansa. Tsohon ɗakin ƙasa na kakarka, mai tabarma da katifa da tufafi rataye a igiya, ya fi shi sau goma. Ka tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗaki, in ka ji wani ƙarar ƙarfe ya biyo baya, ka rataya bargo a bangon da ke bayanka, ka shimfiɗa darduma. Kwalayen ƙwai da yara ke liƙawa a bango don sun gani a hoto ba sa hana ƙarar waje shigowa, abin da suke tarawa kyankyasai ne, kuma wuta na son su. A kashe fanka. Na san abin da nake faɗa, na san yadda watan Afrilu yake a Damagaram, amma minti biyar na gumi ba ya kisa, kuma akwai bayan sallar asuba.

Sai mu zo kan makirfon mai gidan gizo-gizo, wanda shi ne sarkin kayan. Irinsa ake kira kondensa. Na ƙwarai daga cikinsu suna bukatar wuta mai ƙarfin bolt 48 da ke zuwa musu ta igiya daga wani akwati na daban, wato sayen ɗaya ya wajabta sayen na biyu, na biyu kuma yakan jawo kwamfuta. Kunnensa yana da kaifi ƙwarai, abin da ya sa ake son sa a situdiyon da aka toshe ko'ina. A ɗakin yaro mai taga a kan titi, wannan kaifin kunne yana nufin zai kwaso carar zakara, da dakan maƙwabta, da babur, da mai tallan ruwa, duk da kyau da tsabta. Fatar da ke cikinsa siririya ce fiye da fatar albasa, ƙurar hunturu ta kwanta mata, laimar damina ta biyo baya, sai ka ji ya fara tsartsatsi kamar ana suyar ƙosai. Masu araha kuwa da suka cika kasuwa, irin wanda ake rubuta wa BM-800, yawancinsu gangar jiki ce babba mai ƙyalli, a ciki ɗan ƙwayar makirfo ne da bai fi na waya da wani abin kirki ba. Kyan ɗan maciji ke nan.

Kuma duk wannan tari yana jiran wuta. Mu da muka ga abin da ya faru daga watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke lantarkin da ke zuwa mana daga Najeriya aka yi watanni a haka, bai kamata a sake yi mana bayani ba. Waɗanda bitarsu ta dogara da kwamfuta da akwatuna sun zauna shiru. Wanda ke da waya da ɗan faifan hasken rana bai fasa ko kwana ɗaya ba.

Shekara da shekaru ina zama da matasa masu son waƙa a gidan matasa na garinmu, ina duba musu baitoci, don ni ta fannin rubutu na shigo harkar. Wani yaro mai basirar tsara magana, ɗan wata 'yar'uwarmu, ya yi kiwon rago wata bakwai, ana gab da Layya ya sayar, ya je wani shago ya kwaso irin kayan nan kaf. Wata uku bayan haka aka gayyace shi bikin abokinsa. Aka miƙa masa makirfon masu kiɗan biki, babu amsa-kuwwa, babu gyara, ga mata sun yi da'ira suna jira. Bai kai ƙarshen baiti na biyu ba numfashi ya yanke masa, ya shiga amshi a sama da inda ya fara, ya kasa saukowa. Mai kiɗan ya yi masa sutura ya ƙara ƙarar na'ura. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da ya koma wajen mai shagon yana ba shi labari, sai aka ce masa ai matsalar akwatin ne ƙarami, akwai wani sabo da ya fi shi. Yaron nan ba rago kaɗai ya rasa ba. Wata ukun da ya kamata ya yi yana jin kurakuransa ya yi su ne yana jin yabon na'ura, kuma kunyar ranar nan ta sa ya daɗe bai sake buɗe baki a gaban mutane ba.

Shi ya sa ba na karɓar hujjar masu cewa kwalliyar tana ba mai koyo ƙarfin gwiwa. Ƙarfin gwiwar da ke zaune a cikin akwati, a akwatin ake barin sa ranar da aka fita fili. A tambayi 'yan mandiri da sha'irai masu bege da ke kwana suna rerawa a Mauludi, ko matan da ke amada da ƙwarya a cikin gida irin na marigayiya Barmani Coge, daga ina nasu ƙarfin gwiwar ya fito. Abin baƙin ciki ma, wasu daga cikin masu begen yanzu sun faɗa wannan rami, suna cika amsa-kuwwa har lafazin da suka fi kowa sanin darajarsa ya narke.

Ba na cewa kada a taɓa sayen komai. Akwai lokacin da waya ke gazawa, kuma ana gane shi da kunne: idan mai babbar murya ya ɗaga, ko ana bita da 'yan amshi da kalangu, sai sautin ya fashe ya yi ƙarar yagewar takarda ko da an ja da baya. A nan abin da ya dace shi ne 'yar ƙaramar rikoda ta hannu irin wadda 'yan jarida ke riƙewa, kamar Zoom H1n ko Tascam DR-05X. Da batiri biyu na kanti suke aiki, a katin waya suke ajiya, ga maɓallin da mutum zai saita ƙarfin ɗauka da hannunsa. A rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, a rage har ma'aunin ya daina taɓa ƙarshe, a bar masa sarari, shi ke nan. Ƙungiya guda ta mutum biyar za ta iya haɗa kuɗi ta sayi ɗaya. Wanda kuma ya fara samun gayyatar biki yana bukatar ya koyi riƙon makirfo, wannan fanni ne mai zaman kansa: matsowa kusa na ƙara wa murya kauri, ja da baya a wurin ɗagawa na hana ta fashewa, karkatar da shi kaɗan na hana iskar "b" da "f" da "t" dukan sa. Don wannan, makirfon hannu na fili ake nema, irin Shure SM58 da ake ƙerawa tun 1966, wanda ba ya bukatar wuta kuma yana jure faɗuwa da ƙura. Na asalinsa kusan dala ɗari ne, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. In aka ce maka ga shi sabo a kwali jika bakwai, to jabu ne, kuma jabunsa ya fi na asali yawa a kasuwanninmu. Ko aron na mai kiɗan unguwa ma ya isa a koyi riƙo.

Amma ko wace na'ura aka samu, aikin yana wajen saurare, kuma a nan ne ake raba mai son waƙa da mai son a ce masa mawaƙi. Yawancin yara suna naɗa, su saurara sau ɗaya nan take, in ta yi daɗi su ɗora a intanet, in ba ta yi ba su goge. Duka biyun asara ne. A rera waƙar daga farko har ƙarshe ba tsayawa, ko an yi kuskure a wuce, don a filin biki ba a cewa a dakata. A ajiye ta sai gobe, lokacin da kunne ya huce ya manta abin da baki ya yi niyyar faɗa. A saurara da takardar baitocin da alƙalami a hannu. Zagayen farko kalmomi kawai za a bi: ina aka haɗiye gaɓa, ina "ƙ" ta koma "k", ina "ɗ" ta koma "d", ina aka ja wasalin da bai kamata a ja ba don a cike kari. Zagaye na biyu a bi numfashi, a sa alama duk inda aka shaƙa a tsakiyar magana. Sannan a kwatanta amshin farko da na ƙarshe, a ji ko a tsayi ɗaya suke, don mai koyo yakan zame ƙasa a hankali bai sani ba, ko zumuɗi ya tura shi sama. Abu ɗaya za a zaɓa a gyara a ranar. A sa wa fayil kwanan wata, kuma kada a goge na farkon komai muninsa, bayan kwana arba'in shi ne zai shaida ko ana tafiya ko a tsaye ake.

Akwai gwajin da na fi yarda da shi fiye da kowace manhaja. A kai wa wata tsohuwa a gidan, wadda ba ta taɓa ganin baitocin ba kuma ba ta jin kunyar jikanta, a kunna mata sau ɗaya, a ce ta maimaita abin da ta ji. Duk ɗangon da ta ce "me ka ce a nan?" to ba a rera shi ba tukuna.

Wannan hanya tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. 'Yan matanmu masu murya, waɗanda iyayensu ba za su taɓa barin su je situdiyo su zauna da samari har dare ba, kuma ba za a saya musu makirfo mai ƙafa a gani a ɗaki ba, da waya kaɗai za su iya koyo cikin sirri da mutunci. Duk lokacin da aka ce waƙa ba ta yiwuwa sai da kaya, su ne farkon waɗanda aka kora daga fagen.

Saura masu situdiyo, waɗanda da yawansu abokaina ne kuma za mu haɗu a wurin shayi bayan sun karanta wannan. Na san sana'arku ce, na san yaro in ya biya kuɗin zama yana so ya fita da abin da zai kunna wa budurwarsa. Ku ba shi. Amma muryar da ya rera kafin ku taɓa ta tana nan a kwamfutarku, fitar da ita ba ya cin minti biyu. Ku ba shi fayil biyu, mai kwalliya da marar kwalliya, ku ce ya je gida ya saurari na biyun shi kaɗai. Ku daina ce wa wanda kuka kwana kuna ɗinke masa baiti gaɓa-gaɓa daga ɗauka goma sha biyar wai ya yi ƙoƙari. Kuma idan ya tambaye ku wane makirfo zai saya don bita, kafin ku tura shi shagon ƙaninku, ku karɓi wayarsa ku duba fayil nawa na muryarsa tsirara ke cikinta.